Yadda ake kallon dawakan tsaunukan Carneddau ba tare da an cutar da su ba

A arewacin yankin Wales na Birtaniya, cikin gandun ƙasa na Eryri wanda aka fi sani da Snowdonia, akwai wasu ƙananan dawakai kimanin 300 da ke kiwon kansu a tsaunukan Carneddau, babu linzami balle sirdi. Tsayinsu bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, wato irin dokin da ake kira kuru. Duk da cewa kiwon kansu suke yi, suna da masu su: iyalan manoman yankin ne ke tattaro su sau ɗaya a shekara, a watan Nuwamba, su duba lafiyarsu, su rage musu gashin wutsiya, sannan su sake su.

Wanda ba ya son doguwar tafiya ya fara da mashigin Sychnant kusa da garin Conwy, inda sukan sauko kiwo. Mai niyyar hawa can sama wajen Carnedd Llewelyn, mai tsayin mita 1,064, sai ya tanadi takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa da taswira, domin hazo yakan rufe hanya ba sallama.

Idan ka hango garke, ka tsaya daga nesa, ka bar madubin hangen nesa ya yi maka aikin. Dokin da kansa zai gaya maka in ka matso da yawa: zai daina cin ciyawa, ya ɗaga kai yana kallonka, kuma da zarar ya kwantar da kunnuwansa baya, to cizo ko harbi ne ke tafe. A ja da baya a hankali, kada a bi ta bayansa, kada kuma a ratsa tsakanin goɗiya da ɗanta, musamman a watannin Afrilu zuwa Yuni lokacin haihuwa.

Babban kuskuren baƙi, kuma shi ne mafi wuyar hanawa saboda da kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne miƙa musu abinci. Cikinsu ya saba da ciyawar dutse da ƙayoyi, don haka burodi ko tarin karas na iya jawo musu ciwon ciki mai kisa. Banda wannan, dokin da ya ɗanɗana abin hannu yakan koma tsayuwa a bakin titi yana jiran motoci. Ganin gashinsu buzu-buzu da sanyi kada ya sa ka zaci yunwa ce, rigar sanyinsu ke nan. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne irin dusar ƙanƙarar da ta sauka a watan Maris na 2013, wadda ta hallaka da yawa daga cikinsu.

Mai kare kuwa, doka ta wajabta masa riƙe shi da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli a filayen da aka buɗe wa jama'a, haka kuma a duk lokacin da yake kusa da dabbobin kiwo.