Yadda Ake Gane Samfuri Da Shekarun Tsohon Keken Tsere Na Ƙarfe

Kusan duk sabon shiga da ya kawo mini tsohon keke, da lambar firam yake farawa. Ya kifa keken, ya karanto lambar da ke ƙarƙashin gidan feda, sai ya tsaya yana jira in faɗa masa shekara kamar mai duba. To ka ajiye lambar nan tukuna. A kekuna da yawa ita ce shaida mafi rauni, kuma sai a ƙarshe ake komawa kanta.

Mataki na farko: wanke, amma da hankali. Ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Kada ka kusanci sitika da fetur ko sinadarin goge fenti, domin ɗan guntun da ya rage a jikin bututun sirdi yana iya zama abin da zai warware maka komai. Ka tanadi tocila, da ma'aunin kauri mai baki biyu. Mai arha ma ya wadatar, ba jirgin sama za ka ƙera ba.

Mataki na biyu: gano ƙasar da aka yi firam, ko da fenti ya tafi. Auna faɗin gidan feda. In ka sami milimita 70, a yawancin lokaci zaren sukurun da ke cikinsa irin na Italiya ne. In 68 ne, ko dai na Ingila, wanda Jafan ma ta bi, ko na Faransa. Tsofaffin kekunan Faransa suna da wata alama kuma: wuyan kan keken milimita 22.0 ne, sauran kuwa 22.2. Idan tambarin goshi ya faɗi, dubi ramukan ƙusoshinsa, yawansu da tazararsu suna rage maka zato. Sannan ka leƙa mahaɗan bututu da kafaɗar fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba. Colnago yana huda hoton kulob irin na karta, De Rosa kuma zuciya. Launi kaɗai kada ya ruɗe ka, ba duk keke mai shuɗi-koren nan ne Bianchi ba, fenti kowa na iya fesawa.

Mataki na uku: firam ɗin na manya ne ko na gama-gari? Nan ake raba samfuri da samfuri, domin kamfani ɗaya kan fesa wa keken tsada da na arha launi kusan iri ɗaya. Mutane nawa suka sayi Peugeot UO-8 suna murna sun tsinci PX-10? Shi PX-10 da bututun Reynolds 531 aka yi shi, UO-8 kuwa ƙarfe ne na yau da kullum mai nauyi. Sitikar kamfanin da ya yi bututun tana taimakawa, ko Reynolds, ko Columbus, ko Tange, ko Ishiwata, ko Vitus, amma ana buga sababbi a manna, don haka ni ba na yarda da ita sai ma'auni ya gaskata ta. Zaro sandar sirdi ka auna. Milimita 27.2 alama ce ta bututu mai sirantaccen bango irin 531 ko Columbus SL. Firam mai kyau na Faransa kan ba da 26.4 ko 26.6. In ka ga 25.4 ko kusa da haka, bututu ne mai kauri na arha, ko me sitika ta ce. Dubi kuma bakin da ƙafar baya ke shiga: mai kauri, da ɗan sukurun daidaitawa da kunnen rataye giya a jikinsa, na keke ne mai daraja, wanda aka yanko daga falle siriri kuwa na keken arha ne. Ka lura 531 ba ya faɗin shekara, tun 1935 ake yin sa.

Mataki na huɗu, wanda ya taɓa kunyata ni: shekarar da ke ɓoye a jikin kayan. Kamfanonin kayan keke da dama suna buga ranar ƙira a bayan abin da suka yi, ƙanana ƙwarai, sai ka goge maiƙo ka haska tocila a karkace. Shimano haruffa biyu yake sa wa. Na farko shekara, A tana nufin 1976, B 1977, haka har Z a 2001, sannan a sake zagayowa. Na biyu wata, A Janairu har L Disamba. Ke nan GD Afrilun 1982 ne. SunTour ma haruffa biyu ne, amma lissafinsa daban, kada ka ɗauki jadawalin wannan ka karanta wancan. Campagnolo kuwa a kan mai sauya giya na baya samfurin Nuovo Record za ka ga kalmar Patent da lambobi biyu na shekara. A bayan hannun fedarsa, lamba ɗaya cikin zane mai siffar daiman shekarun 1970 ce, cikin da'ira kuma shekarun 1980. Har a fuskar ciki ta notin hob, wato cibiyar ƙafar keke, akwai lambobi biyu, sai dai sai ka kwance kafin ka gani.

Ga inda na faɗi. Na sami wani firam da aka sake wa fenti, na ga KC a bayan mai sauya giyarsa na Shimano, na lissafa Maris 1986, na shiga gaya wa kowa keken 1986 ne. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya tsuguna, ya cire ƙafar baya, ya sa ma'auni tsakanin bakunan biyu, ya ce, "Ɗari da ashirin. Yaro, a 1986 wa ke yin wannan?" Muka kwance notin hob na gaba, muka ga 74. Ashe giyar ce ta taɓa karyewa, wani ya musanya ta bayan shekara goma sha biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na amsa kuskurena a gabansa.

Tun daga ranar dokata ɗaya ce: sai abu uku sun yi baki ɗaya kafin in furta shekara. Kuma ba kowane abu nake tambaya ba. Mai sauya giya na baya, sarƙa, sirdi, feda da ƙafar baya su ne suka fi lalacewa, don haka su ne aka fi canzawa. Hannun feda, birki, mai sauya giya na gaba, wuyan kai da hob na gaba sukan zauna tare da firam har tsufa. Su za ka fi saurara. Idan ranakunsu sun taru cikin 'yan watanni, keken na wannan shekarar ne ko wadda ta biyo baya, domin kaya kan kwana a sito kafin a harhaɗa. Kayan da aka buga a Oktoba ko Nuwamba galibi na samfurin shekara mai zuwa ne.

Mataki na biyar: bari firam ya tabbatar. Tazarar baya, wato faɗin da ke tsakanin bakunan da ƙafar baya ke shiga, in milimita 120 ce zamanin giya biyar ne, 126 na shida da bakwai daga ƙarshen shekarun 1970, 130 na takwas zuwa sama. Ana iya buɗa firam na ƙarfe, don haka tazara mai faɗi ba hujja ba ce, matsattsiya ce hujja. Firam da komai nasa da maɗauri ake kama shi, babu ramin gorar ruwa, ya fi tsufa. Wayoyin giya ta saman gidan feda salon shekarun 1970 ne, ta ƙasa na 1980. Wayar birki da ke fitowa ta saman hannu ta girmi wadda ke ɓuya ƙarƙashin naɗi. Giya mai ƙas-ƙas ta Shimano ta fara a 1984, haɗa giya da birki a hannu ɗaya kuma 1990.

Yanzu koma kan lambar firam. Ta Raleigh daga tsakiyar shekarun 1970 tana karantuwa: harafin farko masana'anta, N Nottingham, W Worksop, lambar farko bayan haruffan kuma ƙarshen shekara. Schwinn daga 1976 yana buga lambobi huɗu a tambarin goshi, uku na farko ranar shekara, ta ƙarshe shekarar. Ta Peugeot kuwa kada ka ɓata dare a kanta, haka ta ƙananan maƙeran Italiya.

Daga nan sai ka nemi tsofaffin kundin tallan kamfanin a intanet, na shekarar da ka ƙiyasta da ta gaba da ta baya, ka gwada launi, rubutun sitika da jerin kaya. Ka tabbata kundin na ƙasar da aka sayar da keken ne, domin suna ɗaya kan zo da kaya daban a Amurka da Turai.