Kafin Baba ya sa hannu: yadda muka duba gidajen dattijai masu cin gashin kansu a Amurka

Mahaifina yana da shekara 78, kuma fiye da rabin rayuwarsa a Amurka ya yi ta. Bayan rasuwar Mama ya ci gaba da zama shi kaɗai a gida mai bene, ɗakin kwana a sama, injin wanki a can ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na yi juyin duniya ya dawo wurina, ya ƙi. "Uwata, ni ba akwati ba ne da za a ajiye a ɗakin baƙi," abin da ya ce ke nan, kuma bai ƙara ba. Sai da wani hunturu ya kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, bayansa ya riƙe har mako biyu, sannan da kansa ya ce mu je mu ga irin rukunin gidajen nan da ake gina wa dattijai masu sauran ƙarfi. Wurare shida muka zagaya a cikin wata huɗu. Abin da na koya a wannan yawon shi zan ba ka, don kada ka yi asarar lokacin da na yi.

Ka fara da sanin abin da ake sayar maka, don a nan yawancinmu muke ruɗewa. Gidan dattijai masu cin gashin kansu gidan haya ne da aka haɗa masa hidimomi: abinci sau ɗaya ko biyu a rana, shara da goge-goge, motar kai mutum kasuwa ko wurin likita, gyaran famfo da lantarki, sai wasanni da tarukan ɗebe kewa. Ba wurin jinya ba ne. Babu mai yi wa tsoho wanka, babu mai ba shi magani a kan lokaci. Wannan aikin wani mataki ne dabam, inda ake taimaka wa tsoho da hidimar jikinsa, gaba da shi kuma akwai gidan jinya mai nas dare da rana.

Akwai ma'auni mai sauƙi da likitoci suke amfani da shi tun 1963, wanda wani likita mai suna Sidney Katz ya tsara. Abubuwa shida ne: wanka, sa tufafi, cin abinci, shiga banɗaki, tashi daga gado ko kujera, da riƙe fitsari da bayan gida. In mahaifinka yana yin waɗannan duka da kansa, abin da ya gagare shi kawai girki ne, ko tuƙi, ko kula da babban gida, to irin wannan wurin ya dace da shi. In ɗaya daga cikin shidan ya fara kufce masa, ko mantuwa ta fara sa shi barin murhu a kunne, kada ka yaudari kanka. Ka kai shi likitansa ya auna shi tukuna, kafin ka taka ko'ina.

Sai kuɗi. Na ɗauka Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya take ba waɗanda suka kai shekara 65, za ta ɗauki wani kaso. Ko sisi. Ba ta biyan haya a irin wannan wuri. Abin da take biya shi ne jinya ta ɗan lokaci bayan an kwantar da mutum a asibiti, kuma iyakarta kwana 100. Saboda haka kuɗin daga aljihu zai fito: fansho, ajiya, ko kuɗin gidan da aka sayar. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai gidajen da ma'aikatar gidaje ta tarayya take tallafawa a ƙarƙashin shirin Sashe na 202, na waɗanda suka kai shekara 62, inda haya take kamawa kusan kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Layinsu yana da tsawo, don haka in kana ganin mahaifinka ya cancanta, ka rubuta sunansa yau, ka ci gaba da neman wani wurin.

Wuraren da mutum yake biya daga aljihunsa iri biyu ne. Akwai na haya wata-wata, wanda in ka gaji ka ba da notis ka tashi. Akwai kuma manyan rukunai masu matakai uku a harabar guda, inda tsoho yake shiga da ƙarfinsa, in jiki ya ja baya a matsar da shi sashen taimako, daga nan sashen jinya. Waɗannan suna karɓar kuɗin shiga mai nauyi, wanda kan kai dubban ɗaruruwan daloli, ban da na wata. Kwantiraginsu ma kala-kala ne: a wani, kuɗin wata ba ya canjawa sosai ko da mutum ya koma sashen jinya, a wani, ana ba ka rangwame na ɗan lokaci, a wani kuma duk hidimar da ta ƙaru farashin kasuwa za ka biya. In za ka zuba irin wannan kuɗin, ka nemi rahoton asusunsu wanda akanta na waje ya tantance, ka tambayi ɗakuna nawa ne babu kowa a ciki. Wasu irin waɗannan wuraren sun taɓa durƙushewa da kuɗin mutane. Ka kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗi da idon basira, don sau da yawa ba a mayarwa sai an sami wanda ya karɓi ɗakin bayanka.

Tambaya ɗaya da na yi a ko'ina: "Ku rubuta min nawa kuka ƙara a kuɗin wata a kowace shekara, shekara biyar baya." Wurare biyu suka ba ni a take. Ɗaya ya ce zai aiko, har yau ina jira. Ka kuma sa a lissafa maka abin da ba ya cikin kuɗin wata: wurin ajiye mota, intanet, abincin baƙo, kai abinci ɗaki ranar da mutum ba ya jin daɗi, da ƙarin kuɗin mutum na biyu in miji da mata ne.

Wani ɗan gargaɗi a gefe. Shafukan intanet da suke cewa za su nemo maka wuri kyauta, wuraren ne suke biyansu lada in ka shiga. Ba laifi ba ne, amma waɗanda suke da yarjejeniya da su kawai za su nuna maka, kuma da zarar ka ba da lambar wayarka, ta daina hutawa. Ofishin kula da tsofaffi na yankinku, wanda za ka iya samu ta hanyar Eldercare Locator (layin waya da shafin intanet na gwamnati da ke haɗa mutane da hidimomin tsofaffi), ba shi da abin sayarwa.

Yanzu ziyara, wadda ita ce ainihin aikin. Zuwan farko da alƙawari kake yi, za a tarbe ka da shayi, a nuna maka ɗakin da aka ƙawata don baƙi. Wannan kallon kitse ne ake so ka yi wa rogo. Ka koma karo na biyu ba sanarwa, ranar Asabar da yamma, lokacin da manaja ba ya nan. Ka zauna a falo rabin awa ka yi shiru. Mutanen gidan suna fitowa, ko kowa ya kulle ƙofarsa? Ma'aikaciyar da ta wuce ta kira wani da sunansa? Jadawalin da aka manna a bango ya ce akwai motsa jiki ƙarfe huɗu, ka leƙa ka ga ko da mutane. A wani wuri mun leƙa, kujeru ne a jere ba kowa, har malamin ma bai zo ba.

Ku ci abincin, ba sau ɗaya ba. Baba ba ya cin naman alade kuma likita ya hana shi gishiri da yawa, don haka na nemi ganin mai dafa abincin da kansa, ba mai talla ba. Na tambaye shi me yake yi ranar da naman alade ne a jadawali, da wane mai yake suya, ko ana ware tukunya. Wanda ya amsa ba tare da inda-inda ba, ya san aikinsa. Sannan ka bar mahaifinka ya zauna teburin mazauna wurin, kai ka ja gefe. Tsofaffi ba sa ɓoye wa junansu magana. A teburin nan Baba ya ji cewa a wani wurin an canja manaja sau uku cikin shekara biyu, abin da babu takardar talla da za ta faɗa.

Ka tafi da tef ɗin awo a aljihu. Hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kai shekara 65 yana faɗuwa a kowace shekara, kuma banɗaki yana cikin wuraren da aka fi jin tsoro. Ƙofa ta ba da sararin inci 32 aƙalla, don keken guragu ya iya wucewa ko da yau ba a bukatarsa. Wurin wanka ya zama wanda ake shiga a tsaye ba sai an ɗaga ƙafa an tsallaka baho ba. Ka kama ƙarfen dafawa na bango ka jijjiga da ƙarfi. Ni har ruwa na zuba a ƙasa na taka, saboda Baba yana alwala sau biyar a rana, kuma tayil mai santsi da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba sa ga maciji. Ka ƙirga taku daga ƙofar ɗakin zuwa ɗakin cin abinci. A wani wurin na ƙirga sama da ɗari biyu, tafiyar da za a yi sau biyu ko huɗu kullum. Ka tambayi lif nawa ne, in ɗaya ya lalace yaya ake yi, kuma in wuta ta ɗauke janareta me yake ɗauka: fitilun baranda kawai, ko har da lif da na'urar ɗumama ɗaki?

Sai maganar dare. Kusan kowane ɗaki yana da igiyar gaggawa ko maɓallin da ake rataya a wuya. Ka tambaya: in Baba ya ja igiyar nan ƙarfe biyun dare, wa zai ji? A wuri na uku da muka je, matar da take zagayawa da mu ta ce akwai kulawa awa 24. Da na matsa, sai ta bayyana cewa ƙararrawar tana bugawa ne a ofishin wani kamfani a wata jiha, su kuma su kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Mutum ɗaya ne a ginin da dare, mai gadi, kuma dokar wurin ta hana shi ɗaga wanda ya faɗi. Ba ƙarya ta yi min ba, amma da ban tona ba da na tafi da wani zato dabam. Ka kuma ji ko suna da hanyar gane cewa mutum bai fito ba da safe. Wasu suna da maɓallin da ake dannawa kullum kafin wani lokaci, in ba a danna ba a ƙwanƙwasa ƙofa.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce wadda babu mai son yi a gaban mahaifinsa: ranar da ƙarfinsa ya ragu, me zai faru? Wa yake yanke hukuncin cewa ba zai iya zama a nan ba, likitansa ko manajan gidan? Kwana nawa ake bayarwa? Za a bar ku ku ɗauko mai taimako daga waje ya riƙa zuwa, ko dole sai na kamfaninsu? Amsar duk tana cikin kwantiragi, ba a bakin mai talla ba. Ka sani kuma cewa a yawancin jihohi irin waɗannan gidajen ba sa ƙarƙashin lasisi da binciken da ake yi wa gidajen jinya. Dokar mai gida da ɗan haya ce take hawa kansu. Amma dokar hana wariya a gidaje ta 1968, wadda aka faɗaɗa a 1988 ta haɗa da masu naƙasa, tana kare mahaifinka: ba a korar mutum don kawai ya koma kan keke ko ya fara dogara sanda.

Kada ka sa hannu a ranar da aka ba ka takarda, ko da an ce rangwamen yau ne kawai. Ka kai wa lauyan da ya san dokokin tsofaffi. Ka lura musamman da layin da aka ware wa "wanda ya ɗauki alhaki". In ka sa hannu a nan da sunanka kawai, kana iya zama mai lamunin bashin. In kana da takardar wakilci daga mahaifinka, ka rubuta a fili cewa a matsayin wakili ka sa hannu. Mu dai Baba ne ya sa hannunsa, ni shaida ce kawai.

Wurin da ni na fi so shi ne na biyar: sabon gini, ga lambu, ga kusa da gidana. Amma mai zagayawa da mu ni ta riƙa kallo tana tambaya, "Yana iya hawa mota da kansa? Yana jin magana sosai?" alhali ga shi tsaye a gefena. Da muka fito ya ce, "Uwata, in ina tsaye ana tambayarki labarina, in na kwanta fa?" Ban sake ambatar wurin ba.

Na shida tsohon gini ne, kafet ɗin baranda ya koɗe, amma yana kan layin bas ɗin da yake kai shi masallacin Juma'a, akwai ma'aikata biyu da dare, kuma suna ba da ɗakin gwaji. Ya kwana bakwai a can. Rana ta huɗu na kira shi da yamma, ya ce in sake kira an jima, wai suna tsakiyar wasan dara da wani tsohon direban jirgin ƙasa kuma shi ne a gaba. Da satin ya cika ya ce in kawo masa kujerarsa ta karatu da akwatin hotunan Mama, sauran kayan a yi shawara daga baya.