Kurakuran da sabbin yaran aiki suka fi yi wajen awon hasken faiba

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk sabon yaron da aka haɗa ni da shi, shi ya sa na rubuta.

Na farko, jona kanekta (kan da ake sa wa ƙarshen faiba, wato siririyar wayar gilashi mai kai saƙo ta haske) ba a duba bakinta ba. Tsakiyar faiba inda haske ke bi faɗinta kusan maikron 9 ne, silin gashi ya ninka ta sau da yawa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare hanya. Wata shekara da hunturu layin wani kwastoma ya dinga yankewa. Kwana uku ina bin waya cikin rana, na yanke haɗi biyu masu lafiya na sake ɗinkawa, na sayo sabon SFP (ƙaramar na'urar da ke aika haske da karɓarsa) da kuɗin aljihuna. Ashe ƙurar hazo ce a bakin kanekta ɗaya, kuma kafin in gano kwastoman ya tafi. Har yau abin na ci mini rai. Don haka idan na ga yaro yana goge kanekta da gefen riga ko yana hura mata iska da baki, ba na raga masa. Wa ya koya muku wannan? Ni dai sai na duba da madubin faiba, na goge, na sake dubawa, sannan in jona, ko da yanzu aka ɓare ta daga leda.

Sai rashin rubuta awon ranar farko. Ka ga ƙarfin haske -25 dBm a gidan kwastoman GPON (tsarin raba faiba ɗaya zuwa gidaje da yawa) ka ce lafiya lau, tunda mafi ƙarancin hasken da yawancin na'urorin ke iya karɓa -27 ne. To idan ranar haɗawa -19 ne fa? An yi asarar dB 6, wato kashi uku cikin huɗu na hasken ya tafi, kai ba ka da labari. Ni littafi nake riƙewa, kowane layi da shafinsa.

OTDR, injin da ke nuna inda haske ke ɓacewa a tsawon waya, ba ya ganin kanektar farko sai an sa masa doguwar igiyar share fage tsakaninsa da layin; ta mita 500 nake yawo da ita. A auna da kalar haske biyu, mai tsawon zango nanomita 1310 da mai 1550: in asarar ta fi yawa a 1550, a nemi inda waya ta lanƙwashe.

Koriyar kanekta (mai karkataccen baki) ba a haɗa ta da shuɗiya (mai miƙaƙƙen baki). Haske in ya yi yawa shi ma yana kawo matsala a gajeren layi. Kuma kada ka leƙa bakin faiba da ido, hasken ba ya ganuwa amma yana iya yi wa ido lahani.