Yadda za ka shirya wa yara wasan neman taska na taurari

Da farko ka nemi fili mai faɗi, filin ƙwallon makaranta ya isa. Ka kife ƙwarya a gefe ɗaya, ita ce Rana.

Kowane tsinke zai tsaya a madadin ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya Rana. Daga ƙwaryar ka auna taku 4 ka kafa tsinken Uɗaridu, taku 7 na Zuhura, 10 na Duniya, 15 na Mirrihi. Mushtari sai taku 52, Zuhalu kuma 95. Kusan haka tazararsu take a sama in an rage ta, kuma nan ne yara ke buɗe baki, ganin huɗun farko a cunkushe, sauran can nesa.

A kowane tsinke ka ɗaura takardar kacici-kacici mai nuna inda za a nufa. Misali: "Ni ce Zara, matar wata." Wanda ya gane sai ya ruga wurin Zuhura. Don Allah kada ka ɓoye takarda ƙarƙashin dutse, kunama na son wurin.

Dabino ko alewa su jira a tsinken ƙarshe.

Ku fara bayan la'asar. In lokacin ɗari ne, bayan isha'i ka ɗaga musu kai su ga Kaza da 'ya'yanta.