Kurakuran da aka fi yi wajen sayen maus, da yadda za a kauce musu

Ga maus ɗin da ake zubawa cikin kwali a shagunan kayan waya na Birnin Kebbi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ga kuma irin su Logitech MX Master 3S da ya fito a kan wajen dala 100 a Amurka a 2022, kafin a ɗora masa kuɗin dako da canjin naira. Dukansu kibiya ɗaya suke turawa a fuskar kwamfuta. Shi ya sa wasu ke ganin sayen mai tsada almubazzaranci ne, wasu kuma ke ganin tunda ya yi tsada dole ya fi. A nawa ganin, mai tsada yana biyan kuɗinsa ne ga wanda hannunsa ke wuni a kansa, shi ma ɗin sai ya san abin da yake saye. Yawancin asarar da ake tafkawa ta zuba kuɗi ce a kan abin da ba zai yi wa mutum aikin komai ba.

Babban tarkon shi ne lambar DPI da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Ka shiga shago ka ce maus kake so, yaron shago zai sauko da biyu, ya ɗora yatsa a kan lambar ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ya hi ƙarhi, duba dubu nawa aka rubuta." Alhali lambar ba ƙarfi take nunawa ba, ba kuma inganci ba. Tana faɗa maka ne ɗigo nawa kibiya za ta ci a fuskar kwamfuta idan ka matsar da hannunka inci ɗaya. Yi lissafin da kanka. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane faɗin fuskarsu bai wuce ɗigo 1920 ba. Maus mai DPI 1600 zai ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan da motsin santimita uku. Logitech G502 HERO kuwa yana kaiwa 25,600. In ka ƙure shi, motsin da bai kai milimita biyu ba zai jefa kibiyar ƙarshen allo, ko fayil ba za ka iya kamawa ba. Su kansu ƙwararrun 'yan wasan kwamfuta, waɗanda dominsu ake ƙera irin wannan, akasarinsu tsakanin 400 da 1600 suke saitawa. Don haka maus mai DPI 1000 ya ishi mai Word da Excel da intanet. In ka ji kibiya na jan jiki, ko tana gudu fiye da kima, shiga saitin maus a Windows ka daidaita saurinta, kyauta ne.

Ƙanin wannan kuskure shi ne sayen maus ɗin wasa don aikin ofis. Na ofis yakan aika wa kwamfuta rahoton motsinsa sau 125 a daƙiƙa, na wasa sau 1000, wasu sababbi har 8000. Amma fuskar kwamfutar da ke gabanka sau 60 kawai take sabunta hoto a daƙiƙa, in ba ta musamman ka saya ba. Mai buga wasan harbi a fuska mai sauri zai ji bambanci. Mai cike fom ɗin ɗaukar aiki ba zai ji ba. Fitilun nan masu canza launi kuwa, in ban da cin batir ban san abin da suke yi ba.

Abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato yadda maus ya zauna a hannu. Mutane na sayensa a rufe cikin leda, ko su yi odarsa daga Legas don sun ga hotonsa, sai an kwana biyu wuyan hannu ya fara tsami. Dubi masu buga takardu a shagunan da ke kusa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru lokacin da ɗalibai ke haɗa kundin kammala karatu, ko ma'aikacin da ke wuni kan jadawalin albashi a sakatariyar Gwadangaji. Da yawansu ƙaramin maus ɗin nan na tafiya suke riƙewa, wanda aka yi shi don a jefa a jakar laftof. Tafin hannu ba ya samun wurin kwanciya, yatsu a ƙudundune tun safe har la'asar, ɗan ƙaramin yatsa yana jan tebur. Wannan mutumin in ya sayi maus mai cika hannu, bai yi asara ba ko da ya yi tsada.

Gwajin ba wuya. Ka roƙi mai shago ya buɗe, ka ɗora hannu a sake kamar za ka huta. Tudun bayan maus ɗin ya cika tafinka, manuniya da ɗan tsakiya su kai bakin maɓallai ba tare da ka miƙe su ko ka lanƙwasa ba, babban yatsa ya sami mazauni. Ɗaga shi ka ji nauyinsa. MX Master 3S gram 141 ne, kuma an yi shi ne don babban hannun dama. Mai ƙaramin hannu zai wahala da shi, bahago kuwa ba nasa ba ne sam. G Pro X Superlight na 'yan wasa bai wuce gram 63 ba. Dukansu masu tsada ne, amma kowanne da hannun da ya dace da shi. Akwai kuma masu tsayuwa a karkace irin MX Vertical, wanda ke riƙe hannu a kusurwar digiri 57 kamar za ka gaisa da mutum. Wasu masu ciwon wuyan hannu suna jin sauƙi da shi, wasu ba sa sabawa. Ba magani ba ne. In yatsu sun fara yi maka dindiris ko suna mutuwa da dare, asibiti za ka nufa, ba shago ba.

Wani abu da namu yanayin ya ƙara: roba mai laushi da ake manna wa gefen wasu masu tsada ba ta shiri da zufa. Bazarar Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, ga wuta ba tabbas. A hankali robar takan fara danƙo tana kama datti. Busasshiyar roba mai tauri ta fi jure wannan, kuma goge ta ba wahala.

Sana'a ma ita ke faɗa maka inda za ka sa kuɗi. Mai AutoCAD, manhajar zanen gine-gine, yana danna tayar tsakiya ne yana jan zane wuni guda, don haka ita zai gwada kafin komai. Mai Excel da ginshiƙai hamsin zai amfana da 'yar tayar gefe da ke tafiyar da shafi hagu da dama, ita ce ma babban dalilin da akantoci ke son MX Master. Mai zanen katin biki da fastocin siyasa a CorelDraw yana bukatar ido mai bin layi ba tsalle, da maɓallan gefe da zai ɗora wa umarnin da ya fi maimaitawa. To amma maɓallan nan sai an saukar da manhajar kamfanin an saita su. Akwai waɗanda suka biya kuɗin maɓalli bakwai, shekara guda suna danna biyu.

Sai jabu, wanda shi ne ya fi cin kuɗin mutane a ɓoye. Sunan babban kamfani a jikin maus ba shaida ba ce, domin tambari kowa na iya bugawa. In aka ce maka ga na dala 100 a kuɗin da bai kai rubu'insa ba, ka san inda zancen ya dosa. Juya shi ka duba ƙasansa: na asali yana da lambar samfuri da lambar kaya a rubuce tsaf, kuma su dace da na jikin kwali. Girgiza shi kusa da kunne, kada ka ji wani abu na kaɗawa. Murza tayar, ka ji tana tafiya daki-daki, ba sakwaf-sakwaf ba. In samfurin na cikin waɗanda ke aiki da manhajar kamfani, Logi Options+ ko G HUB ko Razer Synapse, je da laftof ɗinka ka soka shi a gaban mai shago. Jabu yawanci manhajar ba ta ganinsa. Ka kuma yi magana a fili kafin ka biya: "Alhaji, in ya ba da matsala cikin mako zan dawo da shi." Garantin da aka rubuta a kwali ba kasafai yake isowa Argungu ko Yawuri ba, amanar mai shago ita ce garantinka. Na asali mai sauƙin kuɗi, irin Logitech B100 ko M90 mai waya, ko M185 marar waya, ya fi jabun babban suna nesa ba kusa ba.

Akwai kuma masu jefar da maus da ransa. Lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina, sai kibiya ta fara rawa, ko ka murza taya ƙasa shafi ya yi sama. Kafin ka yanke masa hukunci, juya shi ka hura idon da ke ƙasa, sau da yawa gashi ɗaya ne ko zare ya gitta. Ka goge da auduga mai tsinke da ɗan sifirit, ka kankare dattin da ya daskare a gefen santsin ƙafafunsa. Matsalar da ta fi ban haushi ita ce ka danna sau ɗaya ya danna biyu, ko kana jan fayil ya saki a hanya. Wannan daga ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓalli ne, wani siririn ƙarfe a cikinsa ke gajiya ko ya yi tsatsa, kuma ba ya barin mai tsada, ko da an rubuta dannawa miliyan 50 a kwali. Mai gyaran waya zai iya. Zai ɗaga santsin ƙasa a hankali ya sami kusoshin da ke ɓoye, ya buɗe, ya narkar da dalmar ƙafafu uku na makunnin, ya zare shi, ya dasa wani da ya ciro daga mataccen maus. Aikin 'yan mintoci ne. A maus mai araha bai cancanci wahalar ba, a mai tsada kuwa ya cece ka daga sabon saye. Sababbin da ke danna da haske maimakon ƙarfe, irin wanda kamfanin Razer ya fito da shi a maus ɗinsa Viper a 2019, ba su cika wannan ciwon ba, kuma wannan na daga cikin 'yan abubuwan da zan yarda a ƙara kuɗi dominsu.

Marar waya yana da daɗi, amma ba kowane wuri ya dace da shi ba. Mai shagon intanet ko cibiyar jarrabawar JAMB mai kwamfuta 250 da ya sayi marasa waya ya ɗauko wa kansa aiki: batir ɗari biyu da hamsin, da 'yan risiba, wato ɗan abin da ake sokawa a ramin USB don maus ya haɗu da kwamfuta, ɗari biyu da hamsin da kowannensu zai iya shigewa aljihu. Mai waya, na asali, mai sauƙi, shi ne na wurin taro. Iyaye ma su kwantar da hankali, ba sai an saya wa yaro maus na musamman don shirin jarrabawa ba; JAMB ta tsara yadda za a amsa da haruffan kibod, A zuwa D don zaɓi, N don gaba, P don baya.

Ga mai amfani shi kaɗai kuwa, risiba ita ce ran maus. In ta ɓata, yawancin masu araha sun tashi aiki ke nan. Na Logitech masu tambarin Unifying ruwan lemo ana iya haɗa su da wata risibar, guda ɗaya na ɗaukar na'ura shida, amma ba ta aiki da sabon tsarin risibar Logitech mai suna Bolt, don haka duba tambari kafin ka sayi madadi. In kibiya na sarƙewa, kada ka yi saurin zargin maus: ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, yana fitar da hayaniyar da ke damun zangon 2.4 GHz idan an soka filasha ko hadis (hard disk) kusa da risiba, Intel ta yi bayanin haka tun 2012. Mayar da risibar ɗaya gefen laftof. Mai Bluetooth ya huta da risiba, sai dai tsofaffin kwamfutocin tebur da ke ofisoshinmu da yawa ba su da shi. Batir kuma a sa alkalin. M185 na iya shekara da guda ɗaya, amma batirin rediyo mai araha yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki, musamman in an bar maus ɗin a jaka wata da watanni. Mai caji kuma kada a bar shi a mota cikin rana.

Tebur ma na da nasa laifin. Manyan ofisoshi na son shimfiɗa gilashi a kan tebur, a jera katuna da kalanda a ƙarƙashi, sai oga ya yi ta canza maus yana cewa ba su da kyau. Idon maus hoton abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka yana kwatantawa, gilashi kuwa ba ya ba shi abin kamawa. MX Master da MX Anywhere suna aiki a kansa, gaskiya ne, amma 'yar shimfiɗar maus ta yadi, ko ma farar takarda, tana warware matsalar ba tare da an taɓa dala 100 ba.

Wanda ya tabbatar aikinsa na bukatar babba amma aljihu bai kai ba, ya duba na hannu, waɗanda ke zuwa tare da kwamfutocin gwanjo daga Kano da Legas. Sharaɗin shi ne ya gwada a wurin. Ya kama fayil ya zagaya da shi allo ba tare da ya saki maɓalli ba, ya ga ko zai suɓuce. Ya murza taya sama da ƙasa a dogon shafi. Ya tabbatar risibar tasa ce. In mai caji ne, ya tambaya a bar shi ya kwana da shi ya ga ko batirin na riƙewa, domin batirin cikin irin waɗannan ba a kowane shago ake samunsa ba.