Inji mai kai ƙasa: kifa jirgin kafin ka tayar

'Yan'uwa masu ƙananan jiragen rimot, in injinka irin mai shan metanol ne kuma an ɗaura shi kai ƙasa, kifa jirgin a kan taya ko matashi kafin ka tayar. Sai injin ya kama ya zauna, sannan ka juyo jirgin.

Dalili shi ne bujin yana can ƙasa. Duk man da ya yi yawa gangarawa yake ya taru a kansa, ya jiƙa siririyar wayar da ke cikinsa, wadda batir mai volt 1.5 ke sa ta yi ja. Ta huce, inji ba zai tashi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sitata, wato na'urar lantarki da ke juya farfela don tayar da inji. Mai ba ya matsuwa kamar iska. In ya cika silinda ka danna sitata, sandar fistan na iya lanƙwashewa, kuma a nan Maraɗi sai ka yi oda ka jira. Don haka fara juya farfela da hannu, batirin buji a cire. Ka ji ta cije? Kada ka tilasta. Kwance buji, zubar da man, ka mayar.

Amma in tanki yana sama da allurar kafireta, wato allurar da ke daidaita shigar mai, dabarar ba za ta cece ka ba, don mai zai riƙa tsiyaya da kansa, inji ya mutu da ka rage wuta. Sauko da tsakiyar tankin daidai allurar. Kafin ka samu yin haka, maƙale tiyon mai duk lokacin da jirgin yake ajiye, musamman a zafin watan Afrilu.