Yadda dattawan masu zane za su riƙe abota ta hanyar wasiƙa

Mai zanen da ya haura shekara sittin yakan rasa wanda zai dubi aikinsa ya gaya masa gaskiya. 'Ya'ya sai yabo, ɗalibai kuma kunya ta hana su magana. Sa'a ne kaɗai zai iya ce masa inuwar nan ta yi nauyi, ga shi sa'o'in sun watsu, wani a Zariya, wani a Damagaram, wani a Kumasi, tafiya kuma ta fara wuya. Wasiƙa tana toshe wannan giɓin. Masu zanen nan biyu na Faransa, Henri Matisse da Pierre Bonnard, sun yi ta rubuta wa juna daga 1925 har 1946, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu dukkansu sun wuce saba'in, suna tambayar juna lafiya da yadda aiki ke tafiya.

A fara da mutum ɗaya, in ya yi yawa biyu. Tsohon abokin karatu ya fi, ko wanda aka taɓa haɗuwa da shi a wajen baje kolin zane. Kafin wasiƙar farko a yi waya a daidaita abu huɗu: adireshi, harshe da irin rubutu (boko ko ajami), tazarar da za a riƙa bari, da matsayin aikin da aka aiko, kyauta ne ko aro. Na ƙarshen nan shi ke haddasa ɓacin rai in ba a faɗa ba tun farko. Wani ya aika da zane don a duba a mayar masa, abokin ya ɗauka kyauta ce ya sa a firam ya rataye a falo.

Tazara kuwa, wasiƙa ɗaya a wata ta isa. Masu cewa duk mako ba sa kai wata uku. A zaɓi rana tsayayya, misali Asabar ta farkon wata, kuma a aika ko da amsar abokin ba ta iso ba. Idan kowa yana jiran amsa, wasiƙa ɗaya ta ɓata a hanya, shi ke nan an yi shiru, kowa na zaton ɗan'uwansa ne ya yi watsi da shi. A sa lamba a saman kowace wasiƙa, 1, 2, 3, tare da kwanan wata. In ta 6 ta iso bayan ta 4, an san ta 5 ce ta ɓata.

Aikin da za a aika ya zama ƙarami. Girman A6, wato milimita 105 da 148, ko A5, milimita 148 da 210, yana shiga ambulan ba tare da an ninke ba. A6 na shiga ambulan C6, A5 kuma C5, amma in za a haɗa da kwali gara a ɗauki ambulan na gaba da shi don kada ya matse. Ƙaramin aiki ba raini ba ne. Hannu mai rawa da ido mai gajiya sun fi iya gama shi a zama ɗaya ko biyu, abin da aka gama kuma shi ake aikawa.

Wurin da aka fi tafka asara shi ne shirya aikin cikin ambulan, kuma kowane irin kayan zane da tasa matsalar. Gawayi da alli mai launi suna gogewa, injin tantance wasiƙu da nauyin buhu suna murza su har fuskar da aka zana ta koma toka. A fesa musu maganin kama gawayi da ake sayarwa a shagon kayan zane, sau biyu sama-sama, daga nisan kamar santimita 30, a bari ya bushe tsakani. Maganin fesa gashi da wasu ke amfani da shi yana kamawa, amma yana sa takarda ta yi rawaya daga baya. Bayan feshin a rufe fuskar aikin da takarda mai santsi, irin shara-sharar da ake kwafar zane da ita, a manne ta ta baya don kada ta zame. Ba a sa salatif a fuskar aiki, kuma ba a rufe shi da jarida, tawadarta na fita.

Fentin ruwa da tawadar gargajiya ta ƙaro, irin ta masu zayyana, ruwa ne abokin gabarsu. Ɗigo ɗaya ya isa ya narkar da layi. Da damina a sa aikin cikin leda mai tsabta a rufe bakinta, amma sai an tabbatar ya bushe sarai, kwana ɗaya aƙalla, in ba haka ba danshin da aka kulle a ciki zai haifar da funfuna. Fentin akrilik kuma yana laushi da zafi ya manne wa duk abin da ya taɓa, leda ko takarda, don haka a yi masa ɗan kewaye na kwali da zai ɗaga murfin daga fuskarsa. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya daina kama hannu, watanni kafin ya bushe har ciki. A bar shi a gida, a aika da zanen fensir na aikin.

Daga nan a sa aikin tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, kowanne ya fi shi faɗi da rabin santimita ta kowane gefe, a manne gefunan. Fallen takardar A4 ta yau da kullum giram 5 ne, takardar fentin ruwa mai kauri girman A5 kuma wajen giram 9. Da kwali da ambulan za a wuce giram 20, kuɗin aikawa kuma nauyi yake bi, don haka kada a ƙiyasta kan sarki a gida, a kai gidan waya a auna. Aikin da ake ji da shi a aika shi da rajista a adana rasit, lambar da ke jiki ita ce hujja in an je cigiya. Adireshi da manyan baƙaƙe, da biro mai mai, ba alƙalamin tawadar ruwa ba, a ƙara lambar wayar mai karɓa. Inda ba a kai wasiƙa gida-gida, akwatin gidan waya ya fi tabbas, wanda a Nijar da Kamaru ake rubutawa B.P.

In za a tsallaka iyaka, a tambaya ko sai an cika takardar kwastam ta CN22. A rubuta gaskiya: zanen hannu, kyauta. Kada a cusa kuɗi, ko fenti mai ruwa-ruwa, ko busasshen ganye da iri, ƙasashe da yawa na kama su. Tsohon rubutun hannu ko kayan tarihi ba sa fita daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ita wasiƙar kanta, shafi ɗaya ko biyu, da baƙar tawada da rubutu manya, a bar fili tsakanin layi domin idon mai karatu shi ma ya manyanta. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, a shiga maganar aikin da aka karɓa: wane wuri ne ya tsaya, wane ne bai zauna ba, kuma me ya sa. "Ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma ba ta koya wa mai zane komai. A rufe da tambaya guda wadda abokin zai amsa. Wanda hannunsa ya gaza ya yi wa jika shifta, shi kuma ya sa hannu da ɗan zane a ƙasa. Sabon abokin da ba a san shi ido da ido ba, in ya fara roƙon kuɗi a wasiƙa ta biyu ko ta uku, a dakata.

Kafin a rufe ambulan a ɗauki hoton aikin da na wasiƙar da waya. Waɗanda aka karɓa kuma a jera su bisa lamba a kwance cikin akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan kanta nesa da bango saboda gara da danshi. Kada a ɗaure su da roba ko a maƙala musu ƙarfen matse takarda, roba na narkewa ta manne, ƙarfe na tsatsa ya ci takardar. A rubuta a cikin murfin akwatin waɗanne ayyuka ne kyauta, waɗanne ne aro da za a mayar, don magada su san na wane ne.